ALƘALI DI DA WUTAR DA BABU MAI HURA TA

Ni akawu ne. Shekara ashirin da 'yan kai ke nan ina zaune bayan tebur a Yelwan Yauri, ina rubuta takardu, ina shigar da koke-koken mutane cikin littafi. Wanda ya yi irin wannan aiki, ko ya so ko ya ƙi, sai ya koyi abu guda, watau in mutum biyu sun zo da magana, ta kowa daɗi gare ta, har sai an tambaye shi yaya aka yi, wa ya gani, kuma da wane lokaci. Ban taɓa zaton zan sake samun wannan karatu cikin majigin mutanen ƙasar Sin ba, sai ga shi na samu.

Ga yadda aka yi. Wata rana bayan sallar isha'i na ratsa ta bakin wata rumfa kusa da kasuwa, inda samari ke taruwa kallo. Sai ɗan ƙanena ya hango ni, ya taso da gudu ya ce, "Baba, zo ka ga alƙalin da ke tashi sama." Na ce, "Alƙali kuma? Alƙalin da na sani bisa buzu ya ke zaune." Ya matsa mini, na shiga da niyyar in leƙa in fito. Ban fito ba sai da aka gama. Daga baya na sa aka zuba mini fim ɗin da 'yan'uwansa biyu cikin waya, na kalle su a natse, na kuma nemi labarin mutumin da aka yi su a kansa.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne, irin wannan majigi yau yana cikin aljihun kowane yaro, tun daga Shanga har Wara. Wanda ya yi yaƙi da jahilci har ya ci nasara bai kamata ya zauna gabansa baki buɗe ba, ya haɗiye duk abin da aka ba shi. Yadda muka koyi karanta takarda, haka ya kamata mu koyi auna abin kallo, mu san hatsinsa, mu san ƙaiƙayinsa.

Labari iri biyu cikin tukunya ɗaya

Mutanen Sin suna da wani irin labari da su ke kira wuxia, watau labarin jarumi mai takobi wanda ke yawon duniya yana tsaya wa wanda aka zalunta. Wanda ya karanta Ganɗoki na Bello Kagara, ko Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa, ya riga ya san ƙamshin abin. Jarumin nan ya kan taka ganye ya haye soro, ya yi faɗa da mutum hamsin bai yi gumi ba. A wurin ɗaukar hoto kuwa ba tsafi a ke yi ba, igiyoyin ƙarfe ne sirara a ke ɗaura wa ɗan wasa a ja shi sama, daga baya a share igiyar da kwamfuta. Irin wannan majigi ya fara tashe a birnin Shanghai cikin 1928, ya kuwa kama zuciyar jama'a har gwamnatin wancan zamani ta hana shi cikin 1931, ta ce yana cika kan talakawa da camfi. Kun ga ashe kukan da iyaye ke yi yau ba sabon kuka ba ne.

Suna kuma da wani irin labari na biyu, shi kuwa na shari'a ne, suna ce masa gong'an. A ƙasar Sin ta dā, mai riƙon gunduma shi ne hakimi, shi ne alƙali, shi ne kuma mai binciken laifi. In aka tsinci gawa, shi zai je ya duba, ya yi tambaya, ya kamo mai laifi, ya yanke hukunci. Cikin tsofaffin labaran nan sau da yawa fatalwar mamaci kan zo ta kai ƙara, ko alƙali ya kwana a ɗakin ibada a nuna masa mai laifi cikin mafarki.

To, majigin da na ke magana a kansa shi ne wanda ya zuba iri biyun nan cikin tukunya ɗaya, ya ƙara da aljannu da dodanni. Wanda ya fi suna wajen wannan girki shi ne Tsui Hark, mai shirya fim na Honkon. Tun fim ɗinsa na farko, cikin 1979, ya haɗa takobi da binciken kisan kai. Amma waɗanda suka zaga duniya su ne guda uku da ya yi a kan Alƙali Di, na farko cikin 2010, na biyu cikin 2013, na uku cikin 2018.

Di na gaskiya

Kada mai karatu ya zaci Di ƙirƙirarsa aka yi. An yi shi. Sunansa Di Renjie, an haife shi cikin shekara ta 630, ya mutu cikin 700, zamanin daular Tang. Littattafan tarihin Sin sun ce sa'ad da ya ke aiki a babbar kotun birnin sarki ya yanke shari'un da suka taru, na mutum 17,000, cikin shekara guda, babu wanda ya dawo ya ce an zalunce shi. Duk akawun da ya taɓa ganin yadda takardun ƙara ke cin ƙura a kan kanta ya san nauyin wannan magana. Sun ce kuma cikin 688, da aka aike shi rangadi kudu, ya tarad da wuraren tsafi barkatai inda a ke cin dukiyar talakawa, ya sa aka rushe kamar 1,700.

Ya yi aiki ƙarƙashin Wu Zetian, mace ɗaya tak da ta taɓa hawa gadon sarautar Sin da sunan kanta, daga 690 zuwa 705. Cikin 692 aka yi masa ƙazafin cin amanar ƙasa, aka ɗaure shi. Da ya ga in ya musa azaba za ta kashe shi, sai ya amsa laifin da bai yi ba, sa'an nan ya rubuta kukansa a ƙyalle, ya cusa cikin audugar rigarsa, aka kai gida, ɗansa ya kai wa sarauniya. Da haka ya tsira, aka rage masa girma, daga baya aka komo da shi ya zama waziri. Kun ga amfanin iya rubutu. Ba takobi ya fid da shi daga kurkuku ba, alƙalami ne.

Sunansa ya isa ƙasashen Turai ta hannun wani jakadan Holan, Robert van Gulik. Shi ya sami wani tsohon littafin Sinanci na shari'un Di, ya juya shi da Turanci cikin 1949, sa'an nan ya shiga rubuta nasa labaran a kansa. Cikin nasa ya rage hannun fatalwa ƙwarai, ya bar alƙali da hankalinsa. Tsui Hark kuwa sai ya komo da fatalwar, amma ya ba ta wani aiki dabam, kamar yadda za mu gani.

Labarin wutar

Fim na farko sunansa da Turanci Detective Dee and the Mystery of the Phantom Flame, ni kuwa na kan ce masa Alƙali Di da Wutar Aljannu. Andy Lau ne ya fito a Di, Carina Lau ta fito a sarauniya. Ana cikin 689, ana shirin naɗin Wu a birnin Luoyang, ana gina wani gunki na Buda gaban fada, tsawonsa ya kere kowane soro. Wani babban ma'aikaci ya hau ciki yana zagayawa da baƙo, sai kawai wuta ta kama daga cikin jikinsa, ya ƙone ƙurmus, babu wanda ya taɓa shi. Nan da nan magina suka ce ai ya gusar da layun da aka rataya wa ginin ne, shi ya sa sama ta yi fushi. Wani babba da ya zo bincike, shi ma ya taɓa layun, shi ma ya ƙone a gaban sarauniya.

Tsoro ya cika birni. Sai wata barewa ta ɗakin ibada, wadda a ke cewa babban malamin fada ke magana ta bakinta, ta ce babu mai warware wannan sai Di. Shi kuwa yana kurkuku shekara takwas saboda ya yi tsayayya da mulkin Wu. Wannan ɗaurin shekara takwas ƙarin gishirin masu fim ne, ba ya cikin tarihi. Aka fito da shi, aka mai da masa da sandarsa ta ƙarfe, aka haɗa shi da mutum biyu, wata amintacciyar sarauniya mai bulala, sunanta Jing'er, da wani jami'i zabiya, sunansa Pei.

Sannu a hankali Di ya kwance ƙullin. Wutar ba daga sama ta ke ba. Dafin wani ƙwaro ne, in ya shiga jikin mutum ba abin da zai same shi muddin yana inuwa, amma da ya fita rana sai ya kama. Barewa ba ta magana, Jing'er ce ke jefa muryarta, ita ce kuma malamin fadan, sarauniya ta shirya haka don ta riƙa tsorata masu gaba da ita. Mai kisan kuwa ba baƙo ba ne. Shatuo ne, shugaban maginan, tsohon abokin Di, wanda aka sare wa hannu sa'ad da aka murƙushe su shekara takwas da suka wuce. Ya shirya ya kayar da gunkin bisa fada ranar naɗi, duk wanda ya kusa gano aibin ginin sai ya ƙone shi, ya laƙa wa layu. Di ya ceci sarauniya, amma dafin ya shige shi, ya koma zama ƙarƙashin ƙasa inda rana ba ta kai wa.

Inda ya yi kyau

Abu na farko da ya kama ni shi ne yadda Di ke tsayuwa gaban abin tsoro. Kowa ya ga wuta ya ce aljannu, ya ja baya. Shi kuwa sai ya tsuguna ya dubi toka. Tambayoyinsa irin na kowane alƙalin kirki ne. Ina mutumin ya ke tsaye sa'ad da wuta ta kama? Me ya haɗa shi da wanda ya ƙone gabaninsa? Wa ya fara kawo zancen layu? Wa zai ci riba in mutane sun gaskata? Bai tsaya gardama kan ko akwai aljannu ko babu ba. Ya dai ƙi yarda a rufe bincike da sunansu. Ruwa ba ya tsami banza.

Wannan ba baƙon abu ba ne ga wanda ya yi makarantar allo. Mu ba mu musun aljannu, halittar Allah ne. Amma mun karanta yadda aka gane gaskiyar Annabi Yusufu, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ta wajen duban inda rigarsa ta yage, gaba ko baya. Mun kuma karanta yadda bokayen Fir'auna suka rufe idon jama'a da igiyoyi da sanduna. Ashe neman alama da shaida ba raunin imani ba ne. Wanda ya ce kada a bincika, shi ya kamata a fara bincika.

Abu na biyu, fim ɗin ya nuna cewa camfi makami ne, kuma ba talaka kaɗai ke riƙe da shi ba. Mai kisa ya fake da layu, sarauniya ta fake da barewa. Duka biyu sun san abin da su ke yi, duka biyu tsoron jama'a su ke ci. Wannan ya fi faɗan takobin duka daraja a wurina. Ba a kuma mai da Shatuo dodo ba. An nuna mana dungulmin hannunsa, mun ga inda ƙiyayyarsa ta tsiro. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Di ya tsai da shi don zai kashe bayin Allah da ba su ji ba ba su gani ba, amma bai ce sarauniya ta yi daidai ba, har ya gaya mata a fuskarta ta rage zubar da jini, ta kuma mai da mulki ga magadansa in lokaci ya yi. Di na tarihi ma shi ya ba ta shawara ta naɗa ɗanta magaji, kuma cikin shekarar da ya mutu ya hana ta tara kuɗi don gina wani ƙaton gunki.

Abu na uku, aikin hannu ne. Faɗan da Sammo Hung ya tsara ba hauka ba ne, kowane mutum da irin makaminsa da ya dace da halinsa. Sandar Di ma alƙali ce, in ya goga ta jikin takobin abokin gaba sai ta yi ƙara inda ƙarfen ke da rauni, ya buga nan, ya karye. Watau ko a fagen faɗa bincike ya ke yi. Kasuwar nan ta ƙarƙashin ƙasa kuma, wadda a ke shiga da kwalekwale cikin duhu, duk wanda ya taɓa tuƙi da dare tsakanin gungu da gungu zai ji tsigar jikinsa ta tashi.

Inda ya gaza

Amma kowane allazi da nasa amanu, ba zan yaba in ƙi faɗin aibi ba.

Na farko, labarin bincike kamar kacici-kacici ne. In ka ba yaro kacici-kacici, dole amsar ta zama abin da ya sani, in ba haka ba ka cuce shi. Ƙwaron wutar nan babu shi a duniya. Mun san hangara, wadda ruwanta ke tayar da bororo a fata, mun san minjirya, kifin da ke girgiza hannun masunci, saboda haka ba mu cika mamakin ƙaramar halitta mai babban aiki ba. Duk da haka mai kallo ba shi da hanyar da zai riga Di gano amsa, tun da amsar daga aljihun mai fim ta fito. Haka kuma zancen canja fuska da allura, a soka nan a soka can mutum ya koma wani. In kowa na iya zama kowa, shaidar ido ta mutu ke nan, in kuwa shaida ta mutu, ina shari'a? An kore aljani ta ƙofa, an shigo da shi ta taga da rigar likita.

Na biyu, abin ya riƙa lalacewa da tafiya ta yi nisa. Fim na 2013, inda Mark Chao ya fito a Di yana saurayi, ya fara da kyau. Wani dodon ruwa na farfasa jiragen yaƙin sarki, mutanen gari suka ce sai an keɓe wata budurwa a ɗakin ibada don a kwantar da fushinsa. Di ya gano cewa mutanen wani tsibiri ne suka yi kiwon dabbar, su ne kuma suka zuba ƙwayar cuta cikin shayin da manyan fada ke sha. Wannan zance na shayi yana da ma'ana, don ya nuna masu mulki na kallon teku alhali cutar na cikin kofinsu. Amma daga tsakiya sai bincike ya ƙare, aka koma kokawa da kifin da ya fi jirgi girma, da doki mai gudu cikin ruwa. A na 2018 kuwa, masu rufa-ido ne ke sa mutane ganin macijin zinariya ya sauko daga ginshiƙin fada. Nan ma da sauƙi, tun da an ce ruɗin ido ne. Sai ga wani malamin Buda ya iso bisa ƙaton farin goggon biri, shi ya raba gardama. Alƙalin da muka zo kallo ya koma ɗan kallo irinmu. Kuɗi sun yi yawa, kwamfuta ta yi ƙarfi, hankali ya ragu.

Na uku ya fi damuna. A fim na farko mai laifi ɗan gida ne, abokin alƙali, kuma gano shi ya yi wa alƙalin ciwo. A na biyu da na uku kuwa laifin ya koma kan wata kabila ta gefe mai baƙuwar al'ada. Wannan hanya ce mai sauƙi, mai haɗari kuma. Mu nan ƙasar Yauri, Hausawa da Gungawa da Kambari da Shangawa da Dukkawa da Lopawa da Fulani, da Sarkawa masu su, kasuwa ɗaya mu ke ci, kogi ɗaya mu ke sha. Yaron da ya saba ganin cewa duk abin da ya ɓaci aikin masu wani harshe ne, ba alƙali zai zama ba, mai hura wuta zai zama.

Na huɗu ba laifin mai fim ba ne kaɗai. Daren nan da na fito daga rumfa na tsaya ina sauraron samari. Duk hirarsu tsalle ce da bulala da sanda. Babu wanda ya ambaci yadda aka gano barewar. Sun ci romo sun zubar da nama.

Mu da Kwara

Mai karatu zai ce, to, ina ruwanmu da birnin Luoyang na shekara dubu da ɗari uku da suka wuce? Ruwanmu kuwa, don mu ma bakin ruwa mu ke, ruwa kuwa gidan labari ne.

Ga misali. Kowa ya san Kwara kan ƙaru cikin hunturu, alhali ko ɗigo bai sauka nan ba. Wanda bai tambaya ba sai ya ce abin na mutanen ɓoye ne. Wanda ya tambaya za a gaya masa cewa ruwan sama ne da ya sauka kan duwatsun ƙasar Gini tun da damina, ya bazu cikin fadamun Masina a ƙasar Mali, ya yi watanni yana ratsawa kafin ya iso mu. Sanin wannan bai rage ikon Allah ba ko kaɗan, sai ma ƙara wa mai tunani mamaki.

Ga wani kuma. An gama dam ɗin Kainji cikin 1968. Ruwa ya taru ya zama tafki mai tsawon kilomita fiye da 130, ya haɗiye tsohuwar Busa da gungu-gungu da gonaki, aka ta da mutum fiye da 40,000 aka sake musu mazauni. Itatuwan da ruwa ya rufe ba duka suka ruɓe ba, kututturansu na nan ƙasa. In ruwa ya ja, jirgi ya bi ta kai da gudu, sai ka ji an ce wani abu ya kama jirgi daga ƙasa. Lalle wani abu ya kama shi, amma abin yana da suna, ana kuma iya sa masa alama a kauce masa.

Ba na son tuna ranar 26 ga Mayu, 2021, amma dole. Ran nan jirgin ruwa ya taso daga Lokon Minna cikin Jihar Neja za shi Wara cikin ƙasar Ngaski, ɗauke da mutum fiye da 150, ya tsage a tsakiyar ruwa. Waɗanda aka tsamo da rai ashirin ne da 'yan kai. Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu, ya ba iyalansu haƙuri. Hukumar kula da hanyoyin ruwa ta ce jirgin ya tsufa, an kuma yi masa lodin da ya fi ƙarfinsa. Amma ni da kunnena na ji wani a wurin zaman makoki yana cewa ai ruwa ne ya karɓi rabonsa na shekara. Mun yarda kwana in ya ƙare ba makawa. Sai dai wannan magana ta rabon ruwa, ita ce layar nan ta cikin fim. In an gaskata ta, ba wanda zai ƙirga fasinja a bakin gaɓa, ba wanda zai ƙwanƙwasa katako ya ji ko ya ruɓe, ba wanda zai nemi rigar ruwa, ba wanda zai ce kada a tashi da dare. Wanda ya cika jirgi don kwaɗayin kuɗin mutum goma shi ya fi kowa son a ce aljannu ne.

Ko a ƙananan al'amura haka ne. An taɓa kawo mini kukan wani ƙauye na bakin tafki inda taru ke ɓacewa da dare, har mutane suka daina zuwa wannan gefe, suka ce 'yan ruwa sun hana. Wani dattijo Basarke ya ce shi dai tun da ya ke bai taɓa jin aljani ya kwance ƙulli ya bar igiya a naɗe ba. Aka yi kwanto dare uku, aka kama mai kwalekwalen, ɗan garin ne, shi ne kuma ya fi kowa ba da labarin 'yan ruwan. Dattijon nan bai taɓa jin sunan Di ba, amma malaminsu ɗaya.

Shawara

Ba na cikin masu cewa a hana kallon majigin Sin. An gwada hani a ƙasarsu cikin 1931, ga shi yau ya iso har Yauri. Abin da na ke roƙo shi ne babba ya zauna da yaro su kalla tare, in an gama ya tambaye shi abu uku. Me mutane suka ce ya faru? Me ya faru a gaskiya? Ta yaya aka gane? Yaron da ya iya amsa waɗannan ya sami abin da zai amfane shi a kasuwa da kotu da bakin kogi. In za a zaɓa kuwa, na 2010 shi ne na gaba, na 2013 a kalli rabinsa na farko da hankali, na 2018 a ɗauke shi tatsuniya, a yi dariya a tashi.

Ga masu shirya fim namu na Kano kuma ina da magana. Sun iya nuna boka da aljani, wani ya ɓace wani ya bayyana, ƙarshe malam ya zo da carbi a watse. Ina laifin su gwada ɗaya hanyar? Ga tafki, ga gungu, ga garuruwan da ke kwance ƙarƙashin ruwa, ga dorina, ga ayu, ga hazon hunturu. A ba mu alƙali ko ɗan doka ko akawu wanda zai ji an ce mutanen ɓoye, ya yi addu'arsa, sa'an nan ya naɗe hannun riga ya shiga kwalekwale ya je ya duba. Ba ya bukatar tashi sama. Amma a kiyaye kuskuren Tsui Hark, amsar ta zama abin da ke cikin ƙasarmu, wanda mai kallo zai ce, ashe, ai kuwa na ga alamar tun farko.

Wannan shi ne iyakar abin da na gani. In na yi daidai daga Allah ne, in na yi kuskure masana su gyara mini. Allah ya ba mu idon gani da kunnen ji, ya kiyaye matafiyanmu na tudu da na ruwa, amin.